Ɗigon Jan Farce a Ƙasan Tukunya

Ko na tsufa na soma manta inda na ajiye hulata, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo ganin ɗakin ƙanwata Hajara ba. Ranar ce na nuna wa matan Garwa gwanintata, kuma har yau Inna ba ta gama yafe wa gwanintar ba.

Ni malamin makaranta ne, amma a zuciyata mai zane ne wanda duniya ba ta kai ga ganowa ba tukuna. Tun Baba yana da rai ya kafa min sharaɗi: in zana abin da na ga dama, ban da mai rai. Sai na koma wa kogin Binuwai da duwatsun bayan gari da mangwaro a faranti. Duk Lahadi nakan ɗaure katakona na zane a bayan moto, wato babur, in je bakin ruwa in zauna ina murtuke fuska. (Wani masunci ya taɓa leƙa zanen kogin ya tambaye ni ko titin zuwa garin Ngong ne. Na yafe masa, rashin sani ne.) A makaranta abokan aiki suna kirana Musye Lartis, wato Malam Mai Zane da Faransanci, ni kuwa ban taɓa tsayawa na duba ko akwai dariya a cikin sunan ba.

Da aka sa ranar auren Hajara da Bashiru, wanda danginsa ke da shaguna a jere a babbar kasuwa, sai na shiga tunanin kyautar da ta dace da yaya irina. Tun rasuwar Baba shagonmu yake ta ramewa, na san da haka sama-sama, irin sanin da ba ya hana mutum sayen fenti. Ina dai ganin tukwane da kuloli da manyan kwanuka suna shigowa gida a lulluɓe cikin zane, na ce lallai Inna ta yi tanadi. Ta jera su a ɗakin baƙi ta ce kada wanda ya taɓa.

Umarnin bai shafi masu fasaha ba, a ganina.

Wata rana mata sun fita kasuwa, na tura ƙofar. Hasken la'asar ya faɗo ta taga a kan murafan. Na ce ga kyautar nan: zan zana wa Hajara kayan ɗakinta. Matsalar kawai, Inna ta jera su cak kamar sojoji, alhali wani bature da nake kallo a waya ya ce kayan zane ba a jera su haka, sai an kifar da wannan, an kwantar da wancan, ido ya sami wurin yawo. Na kife tukwane uku, na kwantar da kula biyu a gefe, na jingine kwanuka suna kallon bango.

A nan na ga abin da na ɗauka ado ne. Kowane kwano da 'yar alama a ƙasansa: wannan ɗigo uku ja, wancan gicciye shuɗi, wani layi biyu. Na ce kai, dubi abin da idon talaka ba ya gani! Yini guda na ɓata ina haɗa kala don in sami jan daidai, domin ja ne mai sheƙi irin na jan farce. (Jan farcen ne. Shekara talatin da huɗu ina cin tuwo a gidan mata, ban san cewa kowace mace tana yi wa kwanonta alama don kada ya ɓace a gidan biki ba.) Kwana uku ina shiga a ɓoye, in na gama in mayar da komai yadda na same shi. Da na gama zanen, na kai aka yi masa firam mai ruwan zinare.

Washegarin kai amarya dangin ango mata suka zo ganin ɗaki. Inna tana gida, kamar yadda aka saba. Jagorar matan Goggo Dija ce, ƙanwar mahaifin ango, matar da za ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa maka cokali nawa ne a cikin kabet. An ce ta shiga ta duba jeren sama da ƙasa, ta ce, "Ma sha Allahu, an yi ƙoƙari." A bakin Goggo Dija wannan lambar yabo ce. Komai ya tafi lafiya ke nan, saura ni.

Na iso da farar shadda, tablo, wato zanen nawa, a hammata lulluɓe da mayafi. Aka ce in miƙa a shigar, na ce a'a, irin wannan aiki mai shi ne yake buɗe shi. Na tsaya a tsakar gida, matan suka fito suka kewaye ni, Hajara tana bakin ƙofa a cikin lulluɓi. Na yi gyaran murya (har da gyaran murya!) na yaye mayafin.

Aka yi shiru. Na ce a raina, haka fasaha take yi wa mutane.

Goggo Dija ta matso, ta gyara tabarau. "Ɗan nan, kai ka zana wannan da hannunka?"

"Da hannuna, Goggo."

"Kayan ɗakin amaryarmu ne?"

"Su ne, ɗaya bayan ɗaya."

"Ba ka ƙara komai daga kanka ba?"

Nan ne ta taɓa min inda yake min ƙaiƙayi. Na ce, "Ni ba na ƙari, Goggo, abin da idona ya gani shi nake sawa. Kowane ɗigo yana nan. In akwai mai shakka, ga kabet can, a ɗaga tukwanen a duba ƙasansu."

Na ji wata ƙanwar Inna ta ce "Innalillahi" a hankali. Na zaci yabo ne.

Goggo Dija ta ɗora yatsa a kan gilashin, ta soma karatu kamar mai kiran suna a aji. "Ɗigo uku ja, Hajja Asabe ta bayan masallaci. Gicciye shuɗi, Madam Marta mai ƙosai. Wannan mai da'ira na matar tela ne." Sai ta tsaya a kan babbar kular da na kwantar a tsakiya, wadda na fi alfahari da ita. "Wannan mai layi biyu kuwa tawa ce. Wata biyu ke nan Asabe ta are ta, wai za a yi suna. Ashe aure ta yi ban sani ba."

Dariyar da ta fashe, na tabbata an ji ta a ƙetaren kogi. Wata har zama ta yi a kan turmi tana share hawaye. Ni kuwa ina tsaye riƙe da firam ɗina mai ruwan zinare, sai a lokacin kaina ya haɗa lissafin. Babu macen da ke wurin da ba ta san ana aron kayan jere ba. Da yawansu da aro aka yi musu nasu. A cika ɗaki ranar biki, bayan mako biyu kowa ta ɗauke nata a hankali. Ƙa'idar ɗaya ce, ba a ɗaga kwano a duba ƙasansa. Ni na ɗaga, na zana, na sa a gilashi, na kuma yi rantsuwa a kai.

Goggo Dija ta ce, "Hannunka yana da kyau, ɗan nan. Allah ya ƙara basira." Ta nanata basirar sau biyu.

Da suka watse na shiga wajen Hajara ina laluben abin faɗa. Idonta ya yi ja. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Yaya, da abin da ka kashe a fenti da firam ka saya min tukunya ko ɗaya ce, da an sami guda a hoton nan wadda ba ta da alamar kowa."

Labari ya riga ni isa gida. Inna tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Gida tara na bi da ƙafata don kada a raina 'yar'uwarka. Sannu da aiki, mai zane." Kunyar da na ji a wannan sannun ta fi ta tsakar gidan Bashiru.

Ranakun Lahadin da suka biyo baya ban je bakin kogi ba. Layin masu tukwane na riƙa zuwa, duk ƙarshen wata in ɗauro guda a bayan moto, a inda katakona yake zama, har kabet ɗin Hajara ya cika da nata na kanta. Tablon yana nan a ɗakinta, ta ƙi yarda in ɗauke. Ta rataye shi fuskarsa tana kallon bango, kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce aikin yayanta ne, ta wannan gefen ya fi kyau.

Har yanzu ina zane, ban tuba gaba ɗaya ba. Amma yau in na shiga ɗaki na tarar mace ta ajiye abu a zaune a kan ƙasansa, ko hasken la'asar zai yi magana, haka nake barinsa.