Yadda Za Ki Shuka Sarauniyar Dare Ki Ƙwace Amaryar Maƙwabciya

Ke mai haɗa turaren wuta da kasuwa ta juya wa baya, matso ki ji. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma in kika bi matakan nan, kafin damina biyu sai layinku ya gume da ƙamshi. Shaidata 'Yardada ta bayan Dala. Shekara talatin ita ke turara amaren unguwa, sai Hajiya Mabruka, wadda katanga ɗaya ta raba su, ta fara kawo turaren Sudan a kwalba mai ƙyalli. Amare suka koma can. Saura Ruqayya 'yar Hajiya Sa'ida, in ita ma ta kuɓuce, 'Yardada sai kife kasko.

Mataki na ɗaya: Samo reshe

Sarauniyar dare 'yar bishiya ce, da rana kamar ba ta san kowa ba, da dare ta cika unguwa. Kar ki saya, ta saye ba ta da albarka. Ki jira a haihu a gidan masu kuɗi can Nasarawa, ki je barka. 'Yardada ta yaba jariri, ta yaba mai jego, a hanyar fita ta sunkuya gyara takalmi. Ai hijabi ba banza ake ɗinka shi da faɗi ba.

Mataki na biyu: Nema mata wuri

A cikin gari ina muka ga lambu? Dasa ta gindin katanga, daidai inda maigida ke alwala. Sau biyar a rana za ta sha ruwa, mai garuwa bai ƙara miki jarka ko ɗaya ba.

Mataki na uku: Tsare ta daga akuya da maigida

Akuya mai sauƙi ce, kifa tsohon kwando. Malam Ilu, mijin 'Yardada, shi ne aiki.

"Wannan ganyen na miya ne ko na basir?"

"Na hawan jini ne, Malam. Kallonsa ake, ba a taɓawa."

Tun ranar yake jan kujera gaban bishiyar safe da yamma. Har yau cewa yake ya ji sauƙi.

Mataki na huɗu: Kunna kasko

Furen 'yan mitsi-mitsi ne, ba abin nuna wa baƙo. Amma ana idar da magariba za su buɗe. Maza ki zuba gawayi zalla a kasko, ki ajiye bakin zaure don a ga hayaƙi. Kar ki ɓata turarenki, bishiya ta ɗauke miki.

Mataki na biyar: Tambayi iska inda za ta

Nan 'Yardada ta yi sake. Bishiya ta bi rana ta leƙa katanga, iska kuma ta kwashi ƙamshin ta fitar da shi ta zauren Mabruka. Maza suna dawowa daga isha sai su rage tafiya a ƙofar can, suna "Masha Allah, Larabawa sun iya abu." 'Yardada kuwa tana tsugune tana fifita gawayi, hayaƙi na cin idonta. Kwana uku, aka ga Hajiya Sa'ida ta shiga gidan Mabruka.

'Yardada ta ari adda, ta wasa.

Mataki na shida: Kar ki sare tukuna

Da safe, adda a hannu, sai ga sallama. Mabruka ce, ido ya faɗa.

"Yaya 'Yardada, ki rufa min asiri. Sa'ida ta ce wannan ƙamshin take so, ba wani ba. Na ƙona sandal, na ƙona hawi, na juye kwalba bakwai, ta ce ba shi ba ne. Ta katangarki yake zuwa. Me kike haɗawa?"

Duk wannan magana, bishiyar na goga mata mayafi. Da rana ce, ko ƙamshin ruwa ba ta yi.

'Yardada ta tura addar ƙarƙashin tabarma. "Haɗin kakata ne, Hajiya, ba ya shiga kwalba. A turo min yarinyar. Amma bayan isha, kuma a nan gindin katanga. Sharaɗin ke nan."

Kwana bakwai Ruqayya na zama a lulluɓe kan kasko, uwarta na gefe tana lumshe ido, Malam Ilu an kore shi zaure da hawan jininsa. Ranar kai amarya Gwammaja, cikin kayan ɗaki aka ga gwangwanin madara da ɗan reshe a ciki.

"Wannan fa, Inna?" in ji Ruqayya, tana nuna wa 'Yardada gwangwanin.

"Ki dasa inda angon ke alwala. Kafin ta yi fure, in ya tambayi inda ƙamshin ya tafi, ki ce masa mura yake yi."

Jan kunne

In kanki ya yi ciwo don ƙarfin ƙamshi, in ango ya kwana atishawa, in masu gidan Nasarawa suka gane reshensu, ni ba ruwana. Ban san ki ba, ban taɓa zuwa barka ba, kuma ba ni ce 'Yardada ba. Murya ce kawai ta zo ɗaya.