Rasuwar Dattijuwa, Kwamfutar da Aka Wanke da Fetur

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yau bai huce ba, Edith Yakubu ta unguwar Makera tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta ta cinya, wadda aka fi sani da Dattijuwa. Marigayiyar ta cika ranar Asabar da hantsi, a kan bencin gyaran janareta a Kakuri, inda ko a mafarki bai kamata a kai ta ba.

Dattijuwa 'yar kwatano ce, ta zo ƙasar nan da shekarunta. Ba ta da sauri, amma ba ta taɓa ƙarya ba. In an kunna ta sai ta yi "fuuu" da fankarta, ta ɗan yi nishi, sannan ta buɗe ido. A kanta Edith ta koyi yaren kwamfuta na Python, a kanta kuma ta shafe wata uku tana rubuta manhajar raba wa ma'aikata lokutan aiki. Ita za ta nuna ranar Litinin da ƙarfe tara a wata masana'anta a Kudenda, inda ake neman ɗaukar ma'aikaci ɗaya tak.

Ciwon ajali ya fara ne ranar Alhamis, kuma bai kai mura ba. Edith ta saka sabon Python, tana ta danna gaba-gaba cikin gaggawa, ta tsallake wani ɗan akwati da ke tambaya ko a sa shi cikin PATH, wato jerin wuraren da kwamfuta ke dubawa idan an kira manhaja da sunanta. Daga nan duk sanda ta rubuta python, sai marigayiyar ta yi "tiin", ta amsa cikin ladabi cewa ba ta san mai wannan suna ba. Gaskiya ta faɗa. Ba wanda ya gwada mata gidansa.

Ana haka Kawu Sylvanus, yayan mahaifiyar Edith, ya zo gaisuwa. Shekara ashirin yana gyaran janareta, kuma iliminsa duka layi ɗaya ne: duk injin da ya ƙi tashi, datti ne ya toshe shi. Ya kara kunne a jikinta, ya ji fanka, ya kaɗa kai irin na manyan likitoci, ya ce aikin minti goma ne. Edith ta san ba haka ba ne. Amma a gidansu ba a ce wa kawu bai iya ba, balle a gaban uwa. Ta miƙa masa da hannu biyu, har da "na gode, Kawu". Wannan godiyar ce ke ci mata rai har yanzu.

An kwance marigayiyar da sukudireba mai kaurin yatsa. An wanke mata ciki da fetur da tsohon buroshin haƙori, an hure ta da baki, an jona mata wuta tun ba ta bushe ba. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "fat". Wutar da ta biyo baya kuwa, Kawu ya kashe ta da ledar fiya wata biyu, yana cewa dama kayan Turawa ba su da ƙwari. Masu gyara na gaske sun duba gawar, sun ce ko ma'ajiyar bayanai ba ta tsira ba. Edith ba ta da kwafi a ko'ina.

Da yamma maƙwabciyarta Nkiruka ta shigo ta'aziyya da tata kwamfutar. Ta nuna mata ɗan akwatin nan da Edith ta tsallake, ta danna, Python ya amsa. Minti biyu bai cika ba. A nan ne Edith ta yi kukan da ta riƙe tun safe.

Marigayiyar ta bar caja mai ɗaurin roba, da jaka mai mataccen zif, da guntun katakon da ke tokare mata baya. Kawu ya aiko a tambaya ko za a bar masa fankar. Ba za a bar masa ba.

Za a karɓi gaisuwa a gida, bayan an taso daga coci ranar Lahadi. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da sukudireba ko shawara. Za a miƙa gawar ga 'yan gwangwan ranar Litinin da ƙarfe tara na safe. Edith ce da kanta za ta raka ta, tunda a wannan lokacin ba ta da inda za ta je.