Sai Uban Ya Rasu Tukuna

Jama'a, ranar Talata na tura babur har gumi ya wanke mini zunubai. Man da na sha layi tun hantsi na saya ya ƙare muna hango Daura. Ga ni da tumbi, ga maƙwabciyata Goggo Maijidda tana dogara sanda, ga jikarta Mardiyya tana tari kamar tsohon injin niƙa.

Goggo ta ce, "Malam Nu'uman, da ka gaya mini turi za mu yi, ai da jakin maƙwabcinmu Auta na ara."

Abin da ya fito da mu, shela aka yi cewa Ranka-ya-daɗe Garkuwan Marasa Gata zai raba wa yara katin magani kyauta. Uban Mardiyya, Dabo, yana kudu yana dako, rabonsa da gida tun yarinyar ba ta yi famfara ba. Uwarta na aikatau a Kano. Tsohuwa aka bar wa riƙo, ita da ke neman mai riƙe ta.

Taro kam ya yi taro. Rumfuna, makaɗa, ga baƙaƙen motoci jere, injinsu a kunne ba kowa a ciki, don kada sanyi ya tsere. Na tsaya ina shaƙar hayaƙin, ko banza na san inda man garin ya tafi. Shi Garkuwan bai samu zuwa ba, wakilin wakilinsa ne ya karanta jawabi.

Da layi ya zo kanmu, wani matashi mai sheƙin takalmi ya ce, "Marainiya ce?"

Goggo ta ce, "Allah ya kiyaye."

"To, Baba, katin na marayu ne." Ya sassauta murya. "Ki ce uban ya rasu kawai, wannan dattijon ya shaida. Haka kowa ke yi."

Ni dattijon har na gyara hula, don na sha shaidar abin da bai kai wannan amfani ba. Sai na ji sanda a kan babban yatsana.

Goggo ta ce, "Ɗan farin da ko sunansa ban taɓa kamawa ba, yau ranar da zan fara ambatarsa a bainar jama'a in ce ya mutu? Yana can rana na dukansa saboda mu. Yaro, baki shi ke yanka wuya. Riƙe kwalinka."

Kada ku zargi manya, hikima ce. Sun yi bincike a otal mai sanyi, sun gano cewa yaron da ubansa ke numfashi ba ya tari, ko da uban yana bakin teku. Zazzaɓi ma sai ya tambayi lafiyar mai gida kafin ya shiga. Mu ne dai ba mu yi boko mai zurfi ba.

Muna hanyar komawa sai ga kiran Dabo a wayata. Mardiyya ta karɓa da murna.

"Baba, an ce sai ka rasu za a ba ni kati. Goggo ta hana."

Sai Dabo ya ce a ba ni wayar.

"Malam, in tarin ya yi tsanani, ka koma ka faɗa musu hakan. Ba zan ji haushi ba."

Goggo ta fizge wayar. "Rufe mini baki. Akuyata ce za ta rasu, ba kai ba. Kasuwa mai zuwa zan kai ta garin Babban Mutum in sayar."

Haka aka yi. Akuya ta tafi, magani ya zo, tari ya lafa, Dabo yana raye.

Ni dai abin da na gano, ashe ni ma ɗan mai ci-rani ne. Tun da muka dangwala wa Garkuwa ƙuri'a ya tafi birni, ba aike, ba waya. Ranar da aka buɗe layin marayunsa, ni ne a gaba. Wannan shaidar kam, ko Goggo ba za ta taka mini yatsa ba.