Manhajar da Ta Jera wa Aïcha Angwaye

Wani ne a cikinmu, mu masu sa kiɗa a biki. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma ku daina kallona haka.

Ɗan shagon tura waƙoƙi gare shi a kasuwar Mont-Bouët ta Libreville. Rannan ya samo wata manhaja ya zuba a kwamfutarsa. Aikinta ta saurari waƙa, ta auna saurin bugunta da sautin da aka ɗora ta a kai, ta jera kowace kusa da 'yar'uwarta, wannan na ƙarewa waccan ta shige ba ko tuntuɓe. Shi ke nan kan mutumin ya kumbura. Ko gaishe shi ka yi sai ya ce maka "tempo", wato saurin bugun kiɗa.

Ana nan sai Hajjo ta aiko a kira shi. Hajjo kuwa duk bikin Hausawan Libreville ta hannunta yake bi. In ta yaba maka, ka ci shekara kana aiki. In ta taɓe baki, sai ka koma sayar da caja. Wannan karon 'yarta Aïcha za ta aurar wa wani Mahamadou.

Ta ce, "Ɗan nan, ka iya kuwa? Ba na son abin kunya."

Ya ce, "Haba Mama! Ai yanzu ba ni ke yi ba, lojisiyal ke yi. Ba ta kuskure."

"Wace ce kuma haka? 'Yar ina ce?"

"Na'ura ce, Mama."

"To, ku biyun ku kiyaye ni."

Kun dai san halin mawaƙan bikinmu. Kiɗa ɗaya ne tal, sunan amarya da ango kawai ake canzawa. Kun kuma san halinmu: ba ma goge komai. Bara an sa ranar Aïcha da wani Abdulwadud, har an yi waƙa, auren ya watse. Waƙar na nan kwance a kwamfutar gogan.

Ranar biki, a unguwar Nzeng-Ayong, rumfa ta cika maƙil. Amarya da ango suka fito fili. Lasifika ta ɗauka: "Aïcha ta Mahamadou, Allah ya bar ku tare!" Guɗa ta ko'ina. Daɗi ya kama ni, ya kama shi nake nufi, sai ya danna otomatik ya bar wa manhaja ragama, ya zagaya bayan rumfa wajen shinkafa da soyayyar ayaba.

Manhaja ta duba. Wace waƙa ce saurinsu ɗaya, sautinsu ɗaya? Ta shigo da ita sumul, ko masu rawa ba su canza taku ba.

"Aïcha ta Abdulwadud, Allah ya bar ku tare!"

Ango ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Guɗa ta maƙale a wuyan mata. Abdulwadud kuma, ashe yana can kujerar baya, ya zo cin shinkafa, sai ya miƙe yana gyara hula.

Gogan ya taho a guje, loma a baki, hannu duk mai. Ya dangwala kwamfutar, yatsa ya zame. Maimakon tsayarwa, ya danna ta gaba.

Wayyo Allah! Da ma akwai ta uku. Shi ma gogan ya daɗe yana son Aïcha a ɓoye, ko sannu bai taɓa iya ce mata ba. Ya roƙi kiɗan a wajen mawaƙin, ya kulle kansa a ɗakinsa na unguwar Derrière la Prison, ya rera tasa da murya irin ta kwaɗon damina.

"Aïcha ta mai DJ, ki bar su ki zo gare ni!"

Wallahi har da shessheƙar kuka a ciki. Na ji tausayinsa ƙwarai, don na san abin da ya ji a ransa.

Ya fizge wayar wuta. Kiɗa ya ɗauke. Hajjo ta taso a hankali, tana gyara mayafi, ta zo ta tsaya a kansa.

Ya ce, "Mama, wallahi ba ni ba ne, lojisiyal ce. Ita sauti kawai take bi."

Hajjo ta leƙa kwamfutar, ta dube shi, ta ce, "To tambayar min ita, saura angwaye nawa? Don ni kazar mutum ɗaya na soya."