Ranar Da Na Cire Wa Shanun Damri Tozo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara iyayen yara na nuna musu jahilcina a kan tebur ba. Lokacin an tura ni koyarwa wata firamare a Damri, ina sabuwar malama daga Talata Mafara, kaina cike da wani horo na kwana uku da na halarta kan koya wa yara ginin dabbobi da yumɓu. (Kwana uku, amma da kun ga tafiyata sai ku rantse daga Masar na dawo.)

Da ƙyar Hedimasta ya ba ni awa ɗaya duk Laraba. Ya ce a ƙarshen zango za a kira iyaye su ga aikin, in ba su gamsu ba, an rufe ajin ke nan. Rabin yaran kuwa 'ya'yan makiyaya ne da aka sha wuya kafin a sako su makaranta.

Muka ɗebo laka daga fadama, na ce kowa ya gina saniyar gidansu. Kafin in gama murza ƙafa ɗaya, yaran nan sun jera garke. Ga shanu irin rahaji da dogayen ƙahoni, ga irin gudale da leɓɓatu a wuya, kowace da tozo tsaye. Ashe tun suna rarrafe suke wannan wasan. Maimakon in yaba, sai kishi ya kama ni. Na buɗe littafin da aka raba mana a wurin horo, na nuna musu saniyar Turawa, mai shafaffen baya kamar benci.

"Irin wannan ake so. Kowa ya cire tozon."

Hassi, wata 'yar shekara bakwai, ta ɗago kai. "Malama, tamu tana da shi."

"Ta littafi ba ta da shi," na ce. (Har da zare ido, Allah Ya yafe mini.) Suka cire suna zumɓura baki, ni kuma na rubuta sunan mahaifin kowa a takarda na ajiye gaban saniyarsa, don burgewa.

Ranar nuni na sha leshi. Iyaye suka shigo, aka yi doguwar gaisuwa, sai na ga suna bin teburin suna kallon juna. Na ɗauka mamaki ne. Kakan Hassi, wani dattijo da ake kira Baffa Jauro, ya sa aka karanta masa takardar da ke gaban wata saniya. Sunan ɗansa ne.

"Ɗiyata," ya ce da ni, "yaushe kinka zo rugarmu kinka ga yunwa ta kama mu hakanga?"

Abin da ban sani ba, a wurin makiyayi tozo shi ne shaidar ƙoshi. In ya zube, to mai garken ya kasa ciyar da dabbarsa. Wato ni na jera shanu talatin da fari ya cinye, na liƙa wa kowace sunan mai ita, na kuma gayyato gari su gani.

"Baffa, Malama ta ce mu hidda," in ji Hassi, ba tare da an tambaye ta ba.

Na so ƙasa ta tsage. Baffa Jauro ya matsa ƙarshen tebur, ya ɗauki wata halitta mai ƙafa uku da rabi, ya juya ta. "To wanga jaki na wa ne?" Yara talatin suka nuna ni da yatsa. Saniyata ce, wadda na yi mako biyu ina gyarawa. Hedimasta ya fita waje wai tari ya sarƙe shi, amma har cikin aji muna jin dariyarsa.

Ajin bai mutu ba, sai dai da sharaɗin Baffa: a bar yara su gina abin da suka sani, littafin kuma ya koma akwati. Tun daga ranar na koyi cewa kafin ka koya wa ɗan makiyayi saniya, ka fara tambayarsa ko yana da wurin ɗalibi. Yanzu duk Laraba a tabarma nake zama tare da su. Makon jiya Hassi ta duba aikina, ta ba ni biyar bisa goma, ta ce tozon ya karkace.