Wandon Leda da Gwadon Nana Hauwa

"...Lahiya lau, sai kewar miji. Tun hantsi kat tahi Boɗinga, har nic ce ko wata mai hura ta riƙe man kai."

Haka Bahijja ta amsa gaisuwar kakanta, Malam Mainasara, ba tare da ta gama buɗe ido ba. Tana kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin dogon yaron tsakar gidansu na Danchadi, jaririnta Faruk yana barci a gefenta. Kwananta ashirin da uku da haihuwa. Ta baro aikinta a wani ƙaramin asibiti na Shagari ta zo wankan gida. An yi ruwa da azahar ya ɗauke, ƙasa tana ta ƙamshi, kunun kanwar da ta sha kuma ya saukar mata da wata kasala mai daɗi, har muryar tsohon ma kamar daga bayan gari take jin ta.

"Masu hura ukku sunka yi man tayi," in ji Mainasara yana zama a bakin tabarmar, gwiwoyinsa suna ƙara. "Nic ce su yi haƙuri, ina da wata raguwa gida, ba ta komi sai kwana da cin gasasshen nama."

"Su kwashe ka, na yahe. Wa ka son mijin da in ya zauna sai unguwa ta ji? Ina saƙona?"

"Wane saƙo?"

"Famfas ɗin Faruk, tsoho. Guda biyu ɗai sunka rage."

"Au, wandon leda? Na je shagon. Nit tsaya ina kallonai, shina kallona. Nic ce mashi, ni da kai mun san juna, sai nij juyo."

Ya ajiye wani ƙunshi a gabanta. Bahijja ta kwance da hannu ɗaya. Ƙyallaye ne farare masu kauri, an yanka su daidai wa daida, tela ya bi gefensu da ɗinki.

"Inna lillahi! Tsumma? Ni ma'aikaciyar lahiya guda, a gan ni ina shanyar tsumma? Wallahi yau sai ka ba ni takardata."

"Ban iya rubutun boko ba, kuma na ajami ba ki iya karanta shi. Zama daram."

"To wa za shi wanke su? Kai?"

"Ni da ke. Ke wanki, ni addu'a."

"Ka san sau nawa wanga yaro ka ɓata jiki a yini? Ga ruwa sai an tahi rijiya, ga sabulu, ga icen tafasa ruwa. Ga damina, in anka shanya ba su bushewa. Kai kuma kana can kana hira da albasa."

"Albasa ta hi ki ladabi. Ita in ta sa mutum kuka, miya shika samu."

Ta yi dariya a hankali don kada jaririn ya farka. Amma ta lura tsohon bai taya ta ba. Ya tsura wa Faruk ido, yana murza gemunsa.

"Shekaranjiya nit tahi hwadama gyaran wurin iri," ya ce. "Ruwan bana ya kwaso kayan gari duka ya juye man. Nik kai hauya, sai nij ji ta kama wani abu. Nij jawo. Wandon leda ne, ya kumbura kamar mushen kwaɗo. Nis sake sara, wani. Kahin azahar na cika buhu. Akwai waɗanda ad da shekara ukku a ƙasa, don na san lokacin da laka ta ruhe wurin. Amarya, ko zanen 'yan tsuntsayen da anka yi masu bai goge ba."

"Ƙila ƙasarka ce ba ta da haƙora, irin mai ita."

"Ƙasata ta cinye kututturen giginya. Ta cinye jakin babanki har da kofato. Wanga ɗai ta ce ba ta iyawa. Akuyar Sama'ila maƙwabcinmu ta gwada, ita kam ba ta ga Sallah ba."

Bahijja ta san zancen. Ita da bakinta take yi wa mata faɗa a asibiti kan zubar da su a kwata da bayan katanga, inda ƙudaje ke tashi su sauka a kwanon yara. Ba ta dai taɓa bin nata da tunani ba, bayan an ƙulle a leda an fitar mata da shi daga ɗaki.

Iska ta kaɗa dogon yaron, ɗigon ruwa ya zubo musu kaɗan kaɗan. Tsohon ya sassauta murya, kamar mai ba da labarin abin da ya riga ya faru.

"Ina ganin wanga ƙato da yaƙ ƙwace man mata. Ya yi gemu, ya yi hurhura. Ya hito da sahe da hauya a kahwaɗa, jikokinai na biye. Balbelu sun cika hwadama. Ya kai sara ɗaya, sai ga wandonai na jarunta ya hito, hwari tas, da abin da yab bari ciki. Jikoki su ce, Kaka, mi ne ne wanga? Shi ce, gadon da uwata tab bar man ke nan."

Idonta a lumshe, sai ta ga abin kamar a mafarki: fadamar kore shar har iyakar gani, ruwa kwance a kwamai na shuka yana ɗaukar hoton sama, wani dattijo mai kunnuwan Faruk a tsaye a tsakiya. Ta so ta ƙara kallon fuskarsa, ta ga ko ya yi kama da ita. Ta buɗe ido ta dubi ɗan tafin ƙafar da bai taɓa taka ƙasa ba.

"Kai dai mugun tsoho ne," ta ce. "Ɗana gwamna za shi zama, ba shi riƙa hauya."

"Gwamna ma albasa shika ci."

"Kuma wanga tsumman naka, ina kas samo shi? Ko likkahwaninka ne kay yanka don rowa?"

"Likkahwanina na nan, sai na ga aurenki na biyu."

Ta ɗauki ƙyalle ɗaya don ta ƙara samun abin tsokana. Sai ta ji laushinsa. Ba yadin kanti ba ne, saƙi ne na hannu, zaren wani wuri kauri wani wuri siriri, ya sha wanki har ya yi taushi kamar kunnen ɗan akuya. A gefe guda akwai ɗan layin baƙin zare. Ta kai shi hanci. Ƙamshin hayaƙin ɗakin kakanta ne, da wani abu can ƙasa da ta daɗe ba ta ji ba.

"Wanga ba gwadonka ba ne?"

"Shi ne."

"Na Nana Hauwa?"

"Ita tak kaɗa zarenai da hannunta, tun shekarar da ankai auren babanki. Audugar kuma bakin hwadamar nan munka noma ta. Damina biyu tana kaɗi, ina ce mata ta cika nawa."

Shekara tara ke nan da rasuwar kakarta Nana Hauwa, kuma duk gidan an san ba mai taɓa wannan gwadon. Ko shanya shi aka yi, tsohon yana zaune kusa har ya bushe. Bahijja ta tuna sanyin asuba tana ƙarama, an naɗe ta a ciki ita da kakar, mazari yana juyawa a ƙasa yana wata 'yar ƙara har barci ya ɗauke ta.

"Kas sa almakashi a gwadon Nana?" in ji Bahijja. "In sanyi ya zo da mi za ka ruhwa?"

"Ina da mata, mi za ni yi da gwado? Tela ma sai da yat tambaye ni sau ukku. Nic ce yanka. Hauwa da tana nan, da tuni ta yanka, ta haɗa da zagina. In Faruk ya gama da su a ba ƙaninai. In sun mutu a kai su hwadama, gara ta ci, ƙasa ta amshi abinta."

Bahijja ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin madafa ne, ko da yake ba a hura wuta ba.

"Ruwa fa? Kada ka zaci kuka ya sa na manta."

"Jakina na kawo maki jarka huɗu kullum da sahe. Icce kuma na sare reshen dogon yaron da yak karye."

"To ji sharaɗina. A gida, gwado. Ranar da za ni Shagari bisa mashin, ko in na koma aiki, wandon leda, don ba ni shiga mutane da jiƙaƙƙen zane. Waɗanda yab ɓata kuma ba su ƙara zuwa bayan katanga, rami za ka gina man mai zurhi."

"Ashe dai sai na yi maki gini. To, na ji."

Faruk ya motsa, ya yi miƙa, ya buɗe baki. Ta cire masa na jikinsa, ta share shi, ta ninka ƙyallen gida uku kamar yadda take koya wa masu haihuwar fari, ta ɗaura masa. Ya yi masa ɗan yawa, ya fito kamar ɗan dambe.

"Amshi abokin gabarka," ta ce, ta miƙa wa tsohon.

Mainasara ya karɓe shi da hannu biyu, ya ɗora a cinya, yana yi masa kirari ƙasa ƙasa. Yaron ya tsura masa ido, ya yi tsit, fuskarsa ta yi wata irin natsuwa. Can sai tsohon ya daina kirarin. Ya dubi rigarsa ta zuwa kasuwa, inda wani danshi mai ɗumi yake yaɗuwa a hankali har gwiwa.

"Amarya, wanga abu na yoyo."

"Ba yoyo ba ne, angona," in ji Bahijja, dariya ta hana ta tashi zaune. "Kyauta kab ba shi. Tukuici ne yab ba ka."

Tsohon ya kwashe da dariya har hularsa ta faɗo, bai kuwa ɗaga yaron daga cinyarsa ba.