Rasuwar Dattijo, Keken Ɗinkin Iya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi wucewa, iyalan Iya Mai Ɗinki suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar keken ɗinkinta, wanda duk layin ya sani da suna Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan jinyar kwana biyar. Shekararsa arba'in da ɗaya yana aiki.

Marigayin baƙi ne wuluk, da zanen ruwan gwal a wuyansa wanda tafin hannun Iya ya goge har ya dushe. Bai taɓa tambayar ko an kawo wuta ba. Ƙafa biyu da ɗigon mai sun ishe shi. Shi ya ɗinka kayan makarantar 'ya'yan Iya, ya zo ya ɗinka na jikokinta, ya toshe gwiwar wandon kusan duk wani mai ƙiriniya da ya tashi a layin nan. Kuma ba ya ɓoye ciwo. In yana cikin ƙoshin lafiya sai ka ji car-car-car kamar ruwa a kan kwano. In mai yake so, ya ja wani siririn ƙiii. In allura ta lanƙwashe, ya riƙa cewa tak, tak, yana tsallake ɗinki. Iya takan ce Dattijo bai taɓa yi mata ƙarya ba, da bakinsa yake faɗin abin da ke damunsa, sai dai in ba a saurara ba.

Ga yadda ajalin ya zo. Idon Iya ya daɗe yana yi mata hazo, zura zare a allura ya zama aikin rabin sa'a. Sai ta yanke shawarar cewa ƙarshen watan nan za ta miƙa mukullin shago ga jikarta, wadda malamai suka laƙaba wa Fasiha tun tana aji biyu. Ba don son kai ba. Yarinyar nan tana shekara goma take kallon mutum sau ɗaya ta yanka masa riga ba tare da awo ba. A gindin keken nan ta yi rarrafe, kukansa kuwa ta san shi kafin ta san karatu. Da za a yi wa Iya aikin ido ta tafi gidan babbar 'yarta na mako guda, ta bar shago a hannun Fasiha, hankalinta kwance.

Kwana biyu da tafiyarta Dattijo ya fara cewa tak, tak.

Fasiha ba ta sunkuya ta duba ba. Waya ta ɗauka. Ta samo bidiyon wani mutum mai farin haƙori da ya ce datti ne ke kashe tsoffin kekuna, a kwance kan keken a tsoma shi cikin ruwan zafi da garin sabulu da gishiri har kwana biyu. Mutum dubu ɗari sun danna masa alamar so. To wa ya isa ya ja da mutum dubu ɗari? Ta tsoma Dattijo a robar wanki, kamar tsumman goge ƙasa. Da ta tsamo shi ya yi jajir da tsatsa, ya ƙi juyawa. A nan ne mai hankali zai tsaya ya ce kai, an yi ɓarna. Ita sai ta ɗauki hotonsa ta saka a intanet, ta tambayi jama'a. Amsa ta zo kamar ƙasa. Wani ya ce toka, wata ta ce man gyaɗa, wani da bai taɓa zura zare ba ya rantse da ruwan batir. Na ruwan batir ya fi samun yabo, don haka shi ta bi.

Sautin ƙarshe da aka ji daga bakin marigayin shi ne ƙurrr, sai shiru.

Mai gyara, wanda ya san Dattijo tun gashin kansa yana baƙi, ya buɗe cikinsa ya duba. Sannan ya zaro allurar ya ɗaga ta sama kowa ya gani. A lanƙwashe take. Ciwon ke nan gaba ɗaya. Sababbin allurai kuwa guda goma suna kwance a aljihun teburin, ƙasa da taƙi ɗaya daga gwiwar Fasiha.

Tun ranar gidan ya rabu biyu. Kawun yarinyar, malamin makaranta, ya ce kada a ɗora wa waya laifi, ai a cikinta Fasiha ta koyi yankan da Iya kanta ba ta iya ba, kuma wannan gaskiya ne. Goggonta ta ce wayar ta tsotse wa yaran zamani ƙwaƙwalwa kamar yadda ake tsotse lemo a yar da ɓawo. Iya ba ta bi ko ɗaya ba. Ita ta san jikarta ba daƙiƙiya ba ce, shi ne ma abin da ke ci mata rai. Ƙwaƙwalwar tana nan daram, an dai daina aikenta ne, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kai. Kafin tunani ya miƙe tsaye, yatsa ya riga ya kai ga gilashin waya. Abin da ya fi ƙona Iya, kuma ta maimaita shi ga duk wanda ya shigo gaisuwa har maƙwabta sun haddace, shi ne wayar nan ana kira da ita. Lambar kakarta tana ciki. Yarinya ta tambayi baƙin duniya kaf, ba ta tambayi keken ba, ba ta tambayi mai keken ba, ba ta ko tambayi kanta ba.

Marigayin ya bar teburinsa da abin takawa, da almakashi ɗaya abokin tafiyarsa, da kwarkwaro huɗu cike da zare waɗanda ba su san an yi rasuwa ba. Ya bar wata riga mai hannu ɗaya. Ya bar Iya da sabon ido tangaram da babu abin da za ta kalla da shi sai tsatsa. Ya kuma bar Fasiha, wadda ta yi kuka na gaske har idonta ya kumbura, ko da yake an kama ta a waya tana neman a gaya mata yadda ake ba kaka haƙuri.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a shagon mai gyara. Zai warware gawar ƙusa-ƙusa, abin da ruwan batir bai ci ba a raba wa kekunan layin masu bukata. Daga nan za a wuce zaman makoki a shagon Iya. Akwai kwando a bakin ƙofa, kowa ya ajiye wayarsa a ciki, har da kawu.

Maganar mukulli kuwa, yana nan ɗaure a bakin zanen Iya, ƙarshen wata ya zo ya wuce abinsa. Mai gyara ya ba da aron wani tsohon keke mai wata lalura da shi da Iya kaɗai suka sani. Masu zuwa ta'aziyya za su tarar da Fasiha a kansa, tana takawa tana kasa kunne. Ranar da ta faɗi abin da ke damunsa da bakinta, ranar za a kwance mata mukulli. Akwai teloli da yawa cikin masu zuwa, kuma Iya ta san da jin kukan keken za su gane. Tana roƙonsu don girman zumunci, su yi gaisuwarsu, su sha ruwa, su tashi. Kada wanda ya faɗa mata.